Gida Biyu a Ƙarƙashin Rufi Ɗaya: Nazarin Zaman Iyali da Imani a Littafin Lyrics Alley na Leila Aboulela

1.0 Gabatarwa

Zaman iyali yana daga cikin jigogin da suka mamaye ƙagaggun labaran Hausa tun daga tsakiyar shekarun 1980, lokacin da marubuta mata irin su Balaraba Ramat Yakubu suka fara fito da abin da ke faruwa a tsakar gida zuwa idon jama'a. Saboda haka ɗalibin adabin Hausa ya saba da labarin kishiya da mowa da bora, ya kuma saba ganin an warware rikici da wa'azi a babin ƙarshe. Abin da bai cika samu ba shi ne damar auna waɗannan labarai da na wata al'ummar Musulmi mai kama da tasa.

Wannan takarda za ta yi nazarin littafin Lyrics Alley, wanda marubuciya 'yar ƙasar Sudan, Leila Aboulela, ta wallafa da Ingilishi a shekarar 2010. Ana iya fassara sunan da "Lungun Waƙoƙi". Tambayar da za a bi ita ce: a ganin wannan littafi, me ke riƙe gida, kuma wace rawa imani da Allah yake takawa a ciki? Takardar za ta nuna cewa littafin ya raba tsakanin gidan da ake ambaton addini da gidan da addini ke aiki a cikinsa, sannan za ta fito da wuraren da marubuciyar ta gaza yi wa wasu taurarinta adalcin da take nema daga maigidan labarin.

2.0 Taƙaitaccen Tarihin Marubuciya

An haifi Leila Aboulela a birnin Alƙahira a shekarar 1964. Mahaifinta mutumin Sudan ne, mahaifiyarta kuwa Bamisiriya, kuma a Kartum ta tashi. Ta karanci ilimin tattalin arziki a Jami'ar Kartum, ta ƙaro karatu a fannin ƙididdiga a Landan, sannan ta koma da zama birnin Aberdeen a shekarar 1990, inda ta fara rubutu. Ita ce ta fara cin kyautar Caine ta gajerun labaran Afirka a shekarar 2000. Daga cikin littattafanta akwai The Translator na 1999 da Minaret na 2005 da River Spirit na 2023. An san ta da ƙirƙirar taurarin da salla da azumi da tawakkali suke cikin rayuwarsu ta yau da kullum, ba tare da an mayar da su abin ba'a ko abin tsoro ba.

Ta gina Lyrics Alley a kan rayuwar wani ɗan uwan mahaifinta, marubucin waƙoƙi Hassan Awad Aboulela, wanda ya nakasa yana matashi, kuma shahararren mawaƙi Ahmed al-Mustafa ya rera wasu daga cikin waƙoƙinsa. Sai dai littafin ƙagaggen labari ne, an sauya sunaye, an kuma ƙara taurari.

3.0 Wuri da Lokaci

Babban birnin Sudan garuruwa uku ne da ke fuskantar juna a mahaɗar Farin Nilu da Shuɗin Nilu. Kartum ita ce mazaunin gwamnati da ofisoshi. Omdurman, wadda ta bunƙasa a zamanin Mahadi bayan 1885, ita ce garin gargajiya mai gidajen ƙasa da lunguna. Bahri kuwa, a arewacin Shuɗin Nilu, gari ne na ma'aikata da masana'antu, kuma a nan kabarin Sayyid Ali al-Mirghani, jagoran ɗariƙar Khatmiyya, yake. Labarin ya fi gudana a Omdurman da Kartum, yana leƙa Alƙahira da Iskandariyya da Landan, a farkon shekarun 1950, wato gab da ƙarshen mulkin haɗin gwiwa na Ingila da Masar wanda ya fara a 1899 ya ƙare da samun 'yancin kai ranar 1 ga Janairun 1956.

Wannan ƙasa ba baƙuwa ba ce ga Bahaushe. Ta nan hanyar alhazai ta ƙasa ta bi shekaru aru-aru, kuma bayan yaƙin Burmi na 1903 Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya, ya kafa garin Maiwurno a bakin Shuɗin Nilu. Zuri'ar Hausawa da Fulani sun bazu har cikin garuruwan nan uku. Tsarin gidan da littafin ya zana, mai tsakar gida da sashen mata da baƙi masu shiga da fita, ba zai yi wa mai karatu Bahaushe wuyar ganewa ba.

4.0 Labarin a Taƙaice

Mahmud Abuzaid babban attajiri ne, shugaban kamfanin zuri'arsu, mai hulɗa da Turawa da bankunansu. Matansa biyu. Uwargida, Hajiya Wahiba, 'yar Sudan ce wadda ba ta yi boko ba, tana zaune a buɗaɗɗen tsakar gidanta tare da dangi da barori. Amarya, Nabila, matashiya ce Bamisiriya, sashenta an ƙawata shi da kayan zamani, kuma kullum zuciyarta tana Alƙahira. Babban ɗan Wahiba, Nasir, mashayi ne da ba a dogara da shi, don haka burin uban ya koma kan ƙaninsa Nur, haziƙin ɗalibi a Kwalejin Victoria ta Iskandariyya, wanda aka yi wa baiko da Surayya, 'yar ƙanen mahaifinsa Idris.

Ana cikin hutu a Iskandariyya Nur ya yi hatsari wajen iyo a teku, ya samu rauni a wuya, hannuwa da ƙafafunsa suka shanye. An kai shi har Landan, magani bai yi ba. Aka dawo da shi tsakar gidan mahaifiyarsa, aka warware baikonsa. A gefe guda kishi ya tsananta har Wahiba ta sa aka yi wa Firyal, ƙaramar 'yar Nabila, kaciya ba da sanin iyayenta ba, Nabila ta kwashe 'ya'yanta ta koma Masar. Daga kan gadon jinya Nur ya zama marubucin waƙoƙi da ake rerawa a rediyo, kuma wanda ya taimaka masa ya farfaɗo shi ne Ustaz Badar, talakan malamin Larabci ɗan Masar da ke koyar da yaran gidan.

5.0 Jigo da Warwararsa

Babban jigon littafin shi ne yadda iyali ke ɗaukar jarrabawa. Don warware shi, ana iya amfani da ma'aunin da malaman Musulunci suka saba ambata a huɗubar aure, wato abubuwa ukun da aya ta 21 ta Suratur Rum ta danganta da zaman ma'aurata: natsuwa da soyayya da jinƙai. Ga mai mata fiye da ɗaya, aya ta 3 ta Suratun Nisa'i ta gindaya sharaɗin adalci. Da wannan ma'auni za a duba gidaje biyu da marubuciyar ta jera.

5.1 Gidan Mahmud: Wadata Ba Adalci

Mahmud ba azzalumi ba ne irin wanda aka saba gani a littattafan soyayya. Mai kyauta ne, yana ɗaukar nauyin dangi, kuma bai yi ƙwauron kuɗi ba wajen neman lafiyar ɗansa. Laifinsa ya fi wannan laushi, shi ya sa ya fi wuyar ganewa. Ya raba kansa gida biyu: Wahiba ita ce Sudan ta jiya da yake jin kunyarta, Nabila kuwa ita ce ci gaban da yake son Turawa su gan shi da shi. Ya bai wa kowace ci da sha da sutura, amma ya janye zuciyarsa da zamansa daga uwargida, ya kuma kasa fahimtar kaɗaicin amarya a garin da ba nata ba.

Hausawa na cewa gida biyu maganin gobara. A nan gida biyun ne suka haifar da gobarar, domin maigidan ya ɗauka katanga tsakanin sassa za ta yi masa aikin adalci. Sakamakon ya faɗa kan wadda ba ta ji ba ta gani ba. Kaciyar Firyal ita ce wuri mafi ɗaci a littafin, kuma marubuciyar ta nuna ta a matsayin makamin kishi da aka lulluɓe da rigar al'ada. Tarihi ya ƙara wa wannan fage nauyi: tun 1946 gwamnatin mulkin mallaka ta haramta nau'in kaciyar mafi tsanani, amma dokar ba ta shiga tsakar gida ba, kuma sai a 2020 Sudan ta mayar da kaciyar mata gaba ɗaya laifi a dokar ƙasa. Darasin da ke nan shi ne, inda aka tauye haƙƙin babba a gida, yaro ne yakan biya bashin.

5.2 Gidan Badar: Ƙunci da Natsuwa

Ustaz Badar yana zaune da matarsa Haniyya da 'ya'yansu a matsattsen gida, babban burinsa shi ne ya samu ɗaki mai kyau a sabon benen da Mahmud ke ginawa. Nauyi ya yi masa yawa. Mahaifinsa ya tsufa har hankalinsa ya gushe, ga kuma wani ɗan uwansa, Shukri, da ya zo ya sauka a wurinsa ya jawo masa abin kunya ta hanyar sata a gidan Abuzaid, har aka tsare Badar a kan laifin da bai aikata ba.

Duk da haka a wannan gida ne mai karatu yake shaƙar natsuwa. Badar yana son matarsa, yana ganin ƙoƙarinta, yana ɗaukar hidimar mahaifinsa a matsayin ibada ko da ta gajiyar da shi. Abin yabo shi ne marubuciyar ba ta mayar da shi waliyyi ba. Yana da kwaɗayin abin duniya gwargwado, yana jin haushi, yana jin ƙanƙanci a gaban masu kuɗi. Bambancinsa da sauran shi ne yana da wurin da yake kai waɗannan raunuka, wato sallarsa da karatun Alƙur'ani, ya dawo ya ci gaba da ɗaukar nauyin da ke kansa. Imani a nan bai cire talauci ba, amma ya hana talaucin ya zama dalilin wulaƙanta na ƙasa da shi.

5.3 Gadon Nur: Inda Aka Gwada Kowa

Jinyar Nur ita ce ma'aunin da ya fito da nauyin kowane tauraro. Mahmud ya tunkare ta da kuɗi da likitoci, da suka gaza sai ya rasa abin faɗa. Wahiba, wadda aka nuna da zafin kishi, ita ce ta rungumi ɗanta dare da rana, ta tabbatar da karin maganar nan cewa hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Hatta Nasir mashayi ya nuna wa ƙaninsa tausayin da ba a zata ba. Tsakar gidan da Nabila ke rainawa saboda hayaniya da rashin sirri, ita ce ta zama wurin da mara lafiya ba ya kwana shi kaɗai.

Gudummawar Badar ta bambanta da ta kowa. Bai yi wa Nur alƙawarin warkewa ba, bai kuma tsawata masa don ya yi baƙin ciki ba. Ya tuna masa cewa jarrabawa ba alamar fushin Allah ba ce, ya kuma ja hankalinsa ga abin da ya rage masa, wato hankali da harshe da ido, ya mayar da shi ga karatu. Wannan shi ne haƙurin da littafin yake ɗaukakawa, haƙuri mai aiki. Ya saɓa da irin haƙurin da akan umarci mace ko mara lafiya da shi a wasu labarai, wanda ma'anarsa kawai a yi shiru. Dattawan gidan sun fara ganin rubuta waƙar soyayya bai dace da ɗan babban gida ba, amma daga baya ita ce ta dawo wa Nur da matsayinsa a cikin mutane.

Batun Surayya ya fi wuyar yanke hukunci. An raba ta da wanda take so ba da shawararta ba, daga baya ta auri abokinsa, ta kuma ci gaba da karatu duk da tsaurin mahaifinta, wanda ko tabarau bai yarda ta sa ba. Marubuciyar ba ta ce an yi daidai ba, ba ta kuma ce an yi kuskure ba. Ta bar mai karatu da tambayar da fiƙihu da al'ada duka suke fuskanta: ina iyakar sadaukarwar da za a nema daga budurwa saboda alƙawari?

6.0 Zubi da Tsari da Salo

An zuba labarin babi-babi, kowane babi ta idon ɗaya daga cikin taurari biyar: Mahmud da Nabila da Surayya da Nur da Badar. Wannan dabara ta dace da jigon, domin rikicin iyali ba ya da gaskiya guda. Mai karatu yakan ga Nabila a matsayin mai girman kai a wani babi, a babi na gaba ya shiga zuciyarta ya tarar da yarinya mai kewar uwarta. Harshen mai sauƙi ne, tafiyar labarin a hankali, kuma siyasar neman 'yanci tana can baya kamar sautin rediyon maƙwabta. Haka kuma marubuciyar ta guji dogon wa'azi. Mafi yawan abin da aka faɗa game da imani ya fito ne ta hanyar abin da Badar ya yi, ko abin da ya hana kansa yi.

7.0 Raunin Littafin

Rauni na farko ya fito daga wannan tsari da aka yaba. Wahiba ba ta cikin masu ba da labari. Ana ganinta ne kawai ta idon mijin da ya gaji da ita, da kishiyar da ke ƙyamarta, da 'ya'yan zamani. Ke nan matar da aka fi tauyewa a gidan ita ce kuma aka hana wa baki a littafin. Mai karatu bai san yadda ta ji ranar da aka kawo mata amarya daga Alƙahira ba, bai kuma san irin addu'ar da take yi a kan ɗanta ba. Wannan ya sa mugun aikin da ta yi ya zama kamar halinta ne tun asali, alhali labarin kansa ya nuna yana da tushe a rashin adalcin maigida.

Na biyu, an ɗora kusan dukkan nauyin addini mai ilimi a kan mutum ɗaya, kuma baƙo daga Masar. Addinin matan Omdurman ya fito a cakuɗe da camfi, alhali garin cike yake da malamai da makarantun allo da zawiyoyi. Wanda bai san Sudan ba zai iya fita da zaton cewa sai an shigo da fahimtar addini daga waje.

Na uku, barori da talakawan da ke ɗaga Nur suna kwantar da shi ba su da murya. Jinƙan da aka nuna a gidan Abuzaid jinƙai ne da dukiya ta sauƙaƙa. Littafin bai tambayi yadda gidan lebura a Bahri zai yi da irin wannan jinya ba. A ƙarshe kuma, yadda labarin ya karkata ga sulhu ya zo da ɗan gaggawa idan aka auna shi da girman abin da aka yi wa Firyal.

8.0 Kwatanci da Adabin Hausa

Idan aka ajiye wannan littafi kusa da Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, wanda ya fito a 1990, za a ga kowanne ya cike giɓin ɗan uwansa. A littafin Balaraba, Alhaji Abdu ya kori uwargidansa Rabi da 'ya'yanta tara saboda amarya Delu, Rabi ta riƙe yaran da sana'ar abinci, shi kuwa gobarar kasuwa ta cinye dukiyarsa. A can uwargida ce ke da murya, abin da Aboulela ta hana Wahiba. Amma a can sakayya tana zuwa a fili, mai laifi ya ga sakamakonsa tun a duniya. A Lyrics Alley musiba ta faɗa kan wanda bai yi laifin komai ba, kuma ba a ɗauke ta ba har ƙarshe. Wannan ya fi kusa da yadda rayuwa take, ya kuma fi buƙatar imani mai zurfi, domin tauraron bai ga sakayya da idonsa ba. Marubutan Hausa masu tasowa za su amfana da wannan, kamar yadda Aboulela za ta amfana da kunnen Balaraba wajen sauraron uwargida.

9.0 Kammalawa

Wannan takarda ta nuna cewa Lyrics Alley ya ɗora lafiyar zaman iyali a kan adalcin maigida, da jinƙan da ake nuna wa mai rauni, da haƙurin da ke neman abin yi. Ta kuma nuna cewa littafin ya rage wa kansa ƙarfi da ya bar uwargida da talakawan gida ba baki.

Garuruwan da aka zana a littafin sun shiga jarrabawar da ta fi ta gidan Abuzaid. Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023 tsakanin sojojin Sudan da dakarun RSF ya raba fiye da mutum miliyan 10 da gidajensu, kuma a watan Nuwamban shekarar aka karya gadar Shambat da ke haɗa Bahri da Omdurman. Kafin sojoji su ƙwace Bahri da Kartum a farkon 2025, abin da ya ciyar da dubban iyalan da suka maƙale shi ne tukwanen unguwa da ake kira takaya, sunan da ya samo asali daga wuraren ciyarwa na 'yan ɗariƙa, da kuma kuɗin da dangi ke aikowa daga ƙetare. Waɗanda suka riƙe waɗannan tukwane su ne irin mutanen da littafin ya bari a bakin ƙofa. Ɗalibin da zai faɗaɗa wannan nazari yana iya ɗaukar babi ɗaya ya sake duba shi ta idon Hajiya Wahiba, ya ga abin da zai sauya a hukuncin da ya yanke wa gidan.